Kuɗin Motar Ɗalibi: Yadda Kyauta Ke Zama Magani

(Taken shiri ya tashi, sannan ya lafa)

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar al'umma. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, direbobi da ke kan hanya, 'yan kasuwa da ke bakin rumfa da rediyo a gefe, da ɗalibai da ke ɗakunan kwanansu, ina yi wa kowa fatan alheri.

Yau zan fara da abin da kusan kowace uwa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ta sani. Da zarar damina ta kankama, wajen watan Yuli, sai ki ji sallama a ƙofar gida. Mutum biyu ne, ɗaya riƙe da jaka, ɗaya da takarda ko waya. Su tambayi yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. A jiƙa ƙwaya biyu a cokali, a ba yaro a gabansu, a bar miki sauran biyu, ɗaya gobe ɗaya jibi. Bayan wata guda su dawo. Haka za su yi ta yi har sau huɗu, wasu wuraren sau biyar, sai ruwa ya ɗauke. Maganin rigakafin zazzaɓin damina ke nan.

To, Hajiya, kin taɓa tambayar kanki wa ya gano cewa ba yaro mai lafiya magani sau ɗaya a wata zai tsare shi daga zazzaɓi? Kuma wa ya biya kuɗin gano hakan? Idan muka bi sawun wannan cokali, zai kai mu wani yankin karkara a ƙasar Senegal, ya haɗa mu da wani ɗalibi, daga nan ya kai mu ga wata kyauta da aka yi wa wata makaranta. Ku biyo ni.

A shekarar 2000, Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan dala miliyan 40 domin aikin zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya jagoranci shirin shi ne Farfesa Brian Greenwood, kuma shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya yi shekara goma a Zariya, daga 1970 zuwa 1980, yana koyarwa yana duba marasa lafiya a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello. A nan ya ga annobar sanƙarau da idonsa, kafin ya koma Gambiya ya ci gaba da bincike. Cikin waccan kyauta an ware wani kaso domin ɗaukar nauyin matasan Afirka su yi digiri na uku, wanda muke ce wa digirin digirgir. Karatun a Turai, aikin binciken kuwa a gida Afirka.

Ɗaya daga cikin waɗannan matasa wani likita ne ɗan Senegal, Badara Cissé. A daminar 2002 ya tafi yankin Niakhar, inda tun shekarun 1960 ake rubuta kowace haihuwa da kowace rasuwa gida-gida. Da yardar iyaye, aka shigar da yara 1,136 cikin binciken, daga 'yan wata biyu zuwa ƙasa da shekara biyar. Aka jefa ƙuri'a aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su maganin zazzaɓi sau uku a cikin daminar, wata-wata. Ɗaya kashin kuma aka ba su ƙwaya mai kama da maganin amma babu magani a cikinta. Iyaye ba su san wanne ɗansu ya sha ba, ma'aikatan da ke duba yaran ma ba su sani ba. Dalilin yin haka shi ne kada son zuciya ya shiga lissafi, domin mutum in yana son abu ya yi aiki, idonsa kan nuna masa ya yi ko da bai yi ba. Duk yaron da zazzaɓi ya kama kuwa, ko daga wane kashi yake, an yi masa magani.

Da ruwa ya ɗauke aka zauna aka ƙidaya. Kamuwa da zazzaɓi ta ragu da kashi 86 cikin 100 a tsakanin yaran da suka sha maganin gaske. A shekarar 2006 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon. Bayan nan wasu masu bincike suka sake gwada dabarar a Mali da Burkina Faso, wannan karon a kan yaran da ke kwana cikin gidan sauro, suka ga har ila yau tana ƙara kariya. A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka a duk yankin Sahel. A 2013 aka fara a jihar Katsina, aka kuma fara a wurare irin su Magarya da Madawa da Gidan Rumji a Nijar. Zuwa 2023, yaran da ke samun wannan rigakafi sun haura miliyan 50, kuma sama da rabinsu a Najeriya suke.

Ku lura da abu guda, masu sauraro. Kuɗin da aka kashe a Niakhar ba na rabon magani ba ne. An kashe shi ne a kan man mota, da albashin masu zagayawa gida-gida, da gilashin da ake ɗiga jini a kai, da ɗawainiyar ɗalibi guda. Abin da aka sayo da shi amsar tambaya ɗaya ce. Ita wannan amsa ce yau take yin sallama a ƙofar gidanki.

Irin wannan aiki shi ne jami'o'i ke kira nazarin lafiyar duniya. Ma'anarsa a taƙaice, binciken cututtuka da matsalolin lafiya da suka fi addabar talakawa a ko'ina suke, da waɗanda ba sa tsayawa a kan iyakar ƙasa, kamar kwalara da sanƙarau da korona. Ba likitoci kaɗai ke yin sa ba. Akwai masana ƙwari, masana lissafi, masana ruwa da tsafta, da masu nazarin halayyar jama'a. Kuma tun asalinsa da kyauta ya tashi.

Makaranta ta farko a duniya da aka kafa domin cututtukan ƙasashe masu zafi ita ce ta birnin Liverpool a Ingila, a 1898. Wani mai jiragen ruwa, Alfred Jones, wanda jiragensa ke fatauci zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, shi ya yi alkawarin fam 350 duk shekara har shekara uku. Gaskiya ɗaya ce, ba don ƙaunarmu ya yi ba. Ma'aikatansa ne ke dawowa da zazzaɓi suna mutuwa, kasuwancinsa na taɓuwa. Amma makarantar ta ɗauki Ronald Ross, mutumin da ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar cutar zazzaɓi, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1902. Yau fiye da shekara 120 makarantar na nan tana aiki, har da 'ya'yanmu a cikin ɗalibanta.

A Amurka kuma, a 1916 Gidauniyar Rockefeller, wadda aka kafa da arzikin man fetur, ta ba da kuɗin buɗe makarantar lafiyar al'umma a Jami'ar Johns Hopkins. Wannan jami'a tana da hannu a cikin wani abu da ke cikin kowane gida a ƙasar Hausa, wato ruwan gishiri da sukari. A 1968, a birnin Dhaka, wasu matasan likitoci biyu da ba su kai shekara 30 ba, David Nalin da Richard Cash, suka nuna cewa mai kwalara zai iya farfaɗowa da wannan haɗi ta baki, ba sai an ɗaura masa ruwa a jijiya ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ruwan ɗaurawa ya ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, wanda ke aiki da cibiyar binciken Johns Hopkins da ke Kalkata, ya sa aka riƙa dama haɗin a cikin durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ɗiba suna ba su. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin 100 suka dawo ƙasa da kashi 4.

Kada wani ya ce wannan harka ta masu biliyoyi ce. Michael Bloomberg, wanda makarantar lafiyar al'umma ta Johns Hopkins ke ɗauke da sunansa tun 2001, ya gama karatu a jami'ar a 1964. Shekarar da ta biyo baya ya aika da kyautarsa ta farko: dala biyar. A 2018 ya ba da dala biliyan 1.8 domin tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Abin da jami'o'in can suka gane shi ne, hannun da ya saba da bayarwa tun yana ƙarami, shi ke bayarwa idan ya cika. Shi ya sa suke da ofishi na musamman da ke bibiyar tsofaffin ɗalibai, ya karɓi kaɗan, ya yi godiya, ya kuma kawo bayanin inda kuɗin ya shiga.

Kyautar da ake yi wa jami'a iri uku ce. Akwai wadda za a kashe nan take, kamar a ce ga kuɗin da zai kai ɗalibai goma ƙauye a bana. Akwai wadda aka ɗaure da wani aiki, kamar binciken sanƙarau na shekara biyar. Sai ta uku, wadda ba a taɓa uwar kuɗin. Ana juya ta a kasuwanci, duk shekara a cire kimanin kashi 4 ko 5 cikin 100 a yi aiki da shi, saura ya ci gaba da haihuwa. Wannan ta uku ba sabon abu ba ce a wurin Musulmi, ita ce waƙafi. Tarihi ya ruwaito cewa wata baiwar Allah, Fatima al-Fihri, da dukiyar gadonta ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi a duniya. A Alƙahira, asibitin Sarki Ƙalawun da aka gina a ƙarni na 13 ya yi ɗaruruwan shekaru yana jinyar mutane da kuɗin shiga na waƙafi. Ashe ke nan tafarkin namu ne tun fil azal, mun dai yi sakaci da shi.

Za mu ɗan shaƙata. In mun dawo, za mu duba abin da ɗalibi ke yi da irin wannan kuɗi, da abin da aka riga aka yi a nan Kano, da kuma inda gizo ke saƙa.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kunna rediyonsa ba, muna magana ne a kan taimaka wa jami'o'i da dukiya domin binciken lafiya, musamman domin ɗalibai su fita cikin jama'a.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibi zai iya haddace duk alamomin tamowa a littafi, amma sai ya zauna a kan tabarma da uwar da ta yaye ɗanta saboda sabon ciki, ya ga rumbu ya yi ƙasa a watan Agusta, ya ji yawan tafiyar da ke tsakanin gidan da asibiti, sannan zai fahimci dalilin da ya sa ake kawo yaro a makare. Saboda haka ne makarantun koyon likita suke da wuraren da suke tura ɗalibai. Jami'ar Ibadan ta buɗe nata a Igbo-Ora tun 1963, da tallafin Gidauniyar Rockefeller. Ɗaliban Zariya sun san Yakawada, na Kano sun san Kumbotso. Jami'o'in Amurka da Turai ma haka suke yi, su tura ɗalibi wata biyu ko uku zuwa Kenya ko Indiya ko Peru, kuma galibi da kuɗin da masu kyauta suka tara ake biyan tafiyar.

Mu ɗauki misali. A ce ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ko mai digiri na biyu, tana so ta gano dalilin da ya sa mata a wata gunduma suke fara zuwa awon ciki amma ba sa haihuwa a asibiti. Me take buƙata? Kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan acaɓa daga bakin titi zuwa cikin ƙauyuka. Wurin kwana mai aminci. Abin hasafi ga mata biyu ko uku 'yan garin da za su shiga gidaje da ita, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa baƙuwa ba. Idan akwai rugar Fulani ko zangon Buzaye, sai an nemi tafinta. Kuɗin buga takardun tambayoyi ko cajin waya. Kuɗin rajista a kwamitin da ke tantance ɗa'ar bincike. In kuma aikin ya shafi ɗibar jini ko ruwan rijiya, ga akwatin sanyi da ƙanƙara da kuɗin awo a ɗakin gwaji. Kafin duk wannan, sai ta je ta yi gaisuwa wurin hakimi da dagaci da mai unguwa da liman, ta faɗi abin da ya kawo ta. A ƙarshe kuma ya kamata ta koma garin ta gaya musu abin da ta gano, wannan ma tafiya ce mai cin kuɗi.

Duk in ka haɗa, sau da yawa bai kai abin da ake kashewa a dina ɗaya ta biki ba. Amma a jami'o'inmu, yawanci aljihun iyaye ne ke ɗaukar wannan nauyi. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, yana da kason bincike, sai dai malamai ne ke takarar samunsa, kuma ba ya isa kowa. Sakamakon haka, ɗalibin da ba shi da hali sai ya sauya tambayarsa. Maimakon ƙauyen da ke da matsalar, sai ya raba takardu a ɗakin kwanan ɗalibai ko a harabar asibitin koyarwa, ya rubuta abin da ya samu, ya karɓi takardar shaida. An yi digiri, amma ƙauyen yana nan da ciwonsa, babu wanda ya rubuta shi. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Kuma kada a ɗauka ƙwarewa ce babu a wurinmu. Ga misali biyu daga Kano.

Na farko, zubar jini bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mata kimanin 70,000 duk shekara. Babbar matsalar ita ce ana auna jinin da ido, ido kuwa yana raina shi, sai a farga bayan lokaci ya ƙure. Jami'ar Birmingham ta Ingila, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da jami'o'in Afirka, cikinsu har da Jami'ar Bayero a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Hadiza Galadanci, suka gudanar da wani bincike mai suna E-MOTIVE a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Dabarar ita ce a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni a jikinta, jinin ya taru a ciki, ungozoma tana ganin inda ya kai. Da ya kai iyaka, sai a haɗa matakan ceto gaba ɗaya a lokaci guda: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. A 2023 sakamako ya fito. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Na biyu, amosanin jini, wato sikila, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi. Wasu yara masu sikila suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ana iya gane su da wata na'ura mai auna gudun jini a jijiyoyin kai. A Amurka, ƙarin jini ake yi musu duk wata. A nan kuwa ina jinin, ina kuɗin? Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta haɗa hannu da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, suka gwada maganin sha mai suna hydroxyurea a kan yara 220. Suka gano cewa ƙaramin kaso na maganin yana kare yara daga shanyewar jiki kamar yadda matsakaicin kaso ke yi. Ga iyalin da ke ƙirga kuɗin magani a tafin hannu, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Kuma a cikin ayyukan nan biyu, matasan likitoci da ma'aikatan jinya namu sun koyi yadda ake bincike da hannunsu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Na san akwai dattijon da ke saurare yana cewa, malam, mu fa mun ga bincike a Kano. Gaskiyarka, Baba. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Masana da dama na ganin wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Darasin da aka koya shi ne bincike ba ya tsayuwa sai da amana. Yau Najeriya tana da dokokin ɗa'ar binciken lafiya, kuma kowane asibitin koyarwa yana da kwamitin da sai ya amince kafin a taɓa mutum ɗaya. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji. Haƙƙinka ne ka ce a'a, kuma a ci gaba da duba ka kamar kowa. Haƙƙinka ne ka fita ko da ka riga ka shiga. Ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje kuma, ba a yarda ya yi wa mara lafiya abin da ba a ba shi izinin yi a ƙasarsu ba. Haɗin gwiwa mai kyau shi ne wanda ƙafa ke tafiya ta kowane ɓangare, kamar na Jami'ar Indiana ta Amurka da Jami'ar Moi ta Kenya, inda ɗaliban Amurka ke zuwa Eldoret, na Kenya su ma su je Indiana. Idan da kuɗinmu a cikin aikin, bakinmu zai fi ƙarfi wajen gindaya irin waɗannan sharuɗɗa.

Akwai kuma wani dalili da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta datse mafi yawan tallafin da take bayarwa ta hukumarta ta USAID. Jami'ar Johns Hopkins, duk da arzikinta, ta sanar da asarar tallafin dala miliyan 800, ta sallami ma'aikata fiye da 2,000, yawancinsu a ƙasashe 44 a wajen Amurka. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk misalan binciken da na kawo muku yau, ku lura, da kuɗin waje aka yi su. Mun gode wa waɗanda suka bayar, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai tambayoyin da ba kasafai suke zuwa zuciyar mai kyauta a Landan ba: rijiyar da ta gurɓace a unguwar marina, gubar dalma a garuruwan haƙar zinariya, yoyon fitsari, cizon maciji a lokacin girbi, ciwon ƙoda da ya yi yawa a wasu yankunanmu.

Attajiranmu sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. Sun gina wa jami'o'i ɗakunan kwana da ɗakunan karatu da masallatai. Gini ana ganin sa, ana yanke ƙyalle, ana rubuta suna a jikin bango. Kuɗin motar ɗalibi kuwa babu ƙyallen da za a yanke masa, shi ya sa ake mantawa da shi. Roƙona shi ne, duk wanda zai yi gini ya ware ko da ushirin kuɗin domin aikin da za a yi a cikinsa da wajensa.

Sauranmu kuma da yayyafi kogi kan cika. Ku tsofaffin ɗalibai da kuke da zauren WhatsApp na ajinku, kuna tara kuɗin biki da na ta'aziyya, ku ƙara layi ɗaya: ɗaukar nauyin binciken ɗalibi guda a shekara. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ƙungiyar ci gaban gari, 'yan uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje, kowa na iya cewa ga kuɗi, a turo ɗalibi ya duba matsalar lafiya ta garinmu. Wanda ba shi da kuɗi yana da ɗakin da zai sauki ɗaliba, ko babur da zai kai ta, ko kuma gaskiyar da zai faɗa idan an tambaye shi. Zancen zakka kuwa, tana da mutanenta da shari'a ta ƙayyade, sai a tuntuɓi malamai. Ƙofar sadaka da waƙafi ita ce a buɗe, kuma malamanmu sun sha faɗa mana matsayin ilimi mai amfani a cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa.

Idan za ka bayar, ka bayar da idonka a buɗe. Ka je ofishin shugaban tsangayar ko sashen lafiyar al'umma da ƙafarka. Kuɗin ya shiga asusun jami'a ko na gidauniyarta, kada ya shiga asusun wani mutum, kuma ka karɓi rasit. A rubuta yarjejeniya a kan abin da za a yi da shi. Ka tambayi yadda za a zaɓi ɗaliban, domin kada abin ya koma na ɗan wane da 'yar wance. Ka nemi ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'a. Ka sa sharaɗin a koma wa mutanen garin da sakamako cikin harshensu. A ƙarshen shekara a kawo maka bayani a rubuce. Abu ɗaya ne ba naka ba, shi ne sakamakon binciken. Ba a sayen sa, ba a kuma tanƙwara shi. Wani lokaci amsar za ta fito cewa dabarar ba ta aiki, wannan ma riba ce, domin ta hana a zuba dukiya a rami. Sannan ka yi haƙuri, ka tuna shekara goma aka yi tsakanin daminar Niakhar da ranar da duniya ta karɓi maganar.

Masu sauraro, a nan lokaci ya cim mana. Hajiya, idan damina ta zagayo kika ji sallamar masu maganin zazzaɓi, ki fito da yaran, ki kuma cika musu na gobe da na jibi. Alhaji, kai kuma ka nemi jami'ar da ta fi kusa da kai, ka tambaya ko akwai ɗalibin da bincikensa ya tsaya saboda kuɗin mota. Za ka same shi. Ka biya masa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya, ya sa albarka a cikin abin da muka bayar.

(Taken rufe shiri)